Tambayar da Ba a Yi wa Uwar Ɗan Fari

Ko na manta komai na zamana a jami'a, ba zan manta ranar da wata tsohuwa a Bungudu ta yi mini dariya har da hawaye ba.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba. Malaminmu ya zaɓe ni in taya shi bincike a kan yaran da ba sa magana da wuri, ba sa son haɗa ido, suna ware kansu, lalurar da yanzu ake kira galahanga. Lokacin mutane iska kawai suke cewa. Burinsa a gano yaran a haɗa iyayensu da likita a Gusau. Shi namiji ne, ba ya shiga gidan matan aure, don haka ni ce mai shiga. Kai, na ji daɗi! Har sabuwar jaka na saya don zuba takardu.

Tambayoyin da nake yi wa matan daga wani littafin ƙasar waje aka fassaro su. In kin kira sunansa yana juyowa? Kina wasa da shi? A Tsafe na yi ta samun matan da za su sunkuyar da kai su ce a'a, ni kuwa in ja layi da jan biro, zuciyata na tsalle. Na dawo Gusau ina zuba wa Malam surutu cewa mun gano abin da ba a taɓa ganowa ba.

Sai muka je Bungudu. Na zauna gaban wata matashiya ina karanto mata tambayoyina a kan ɗanta, ta ce a'a, ta sake cewa a'a. Surukarta na gefe tana ɓarar gyaɗa, kawai ta fashe da dariya.

Ta ce, “Ke ɗiyata, a wane gari aka haife ki? Ɗan farinta ne fa. Ta kira sunanshi a gabana? Ni za ki tambaya, a ɗakina yake kwana.”

Ta ƙwala wa yaron kira, sai ga shi a guje yana ba ta labarin akuya, baki ba ya rufuwa.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ni da innata har yau ba ta taɓa kiran sunan yayana, ɗan farinta, ba! Boko ya sa na manta kunyar ɗan fari da na tashi ina gani a gidanmu. A cikin mota na zazzage jakar, muka duba, kusan duk masu jan layi 'ya'yan fari ne. Malam ya dafe kai, sannan shi ma ya kama dariya, ya ce a sake aikin daga farko, kakanni za a tambaya.

Nan ne na tuna wani gida a Tsafe da uwar ta amsa mini komai da lafiya lau, da sauri, don in tafi. 'Yarta ta fari na zaune a lungu tana juya murfin kwano, ba ta ko ɗago ba. Kunyar da ta sa wasu suka ce a'a, ita ta hana wannan uwar nuna damuwa, ni kuma na rubuta lafiya na wuce.

Washegari da sassafe muka koma gidan. Kakar yarinyar kamar jira take. Ta ce shekara huɗu ba kalma ko ɗaya, in ana daka sai ta toshe kunne tana kuka, an yi hayaƙi an yi rubutu har an gaji. Na yi ta rubutawa cike da murna, domin irinta muka fito nema. Muka sa ranar kai ta wajen likita.

Ina fita, uwar ta biyo ni har bakin zaure, ta riƙo gefen mayafina. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma faɗi sunan ba. A hankali ta ce, “Don Allah ku duba mini ita da kyau.”

Tun ranar na koyi cewa kafin in shiga gidan mutane da tambaya, sai na fara sanin bakin wa aka yarda ya amsa ta. Saura kaɗan rashin sanin haka ya sa in bar yarinyar nan a lungu da murfin kwanonta.