Tukunyar da Aka Rataye wa Kakata

Ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa da bayan yatsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma wannan ƙarar ce ta hana ni sakat a wani ƙauyen ƙabilar Barbar da ke cikin duwatsun Maroko.

Taron malaman aikin gona ne ya kai ni ƙasar. Da aka gama, sauran suka nufi kasuwa, ni kuwa na nace sai na ga yadda mutanen dutse suke noma. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, daga nan alfadari ya ɗauki jakata, ni na bi shi a ƙasa ina haki. Gidajen ƙauyen na laka ne da dutse, launinsu ɗaya da tsaunin, sai ka matso sosai kake gane akwai mutane a wurin. Rufin wani gida shi ne tsakar gidan wani. Ƙasa da su ga gonakin sha'ir hawa-hawa, kowace an tare ta da jerin duwatsu, ruwa yana bi ta wata siririyar magudana daga wannan zuwa waccan.

Ni mace ce mai tambaya, tun ina ƙarama ake min faɗa a kai. Na ishi direban motar, wanda ya biyo ni yana min tafinta. Wa ke raba ruwan nan? Idan dutse ya zame daga gonar sama ya faɗa ta ƙasa, na wa ne? Bawan Allah yana amsawa yana share gumi, har muka isa gidan da za a sauke ni.

Tsohuwar gidan ta zaunar da ni a kan darduma, ta ba ni shayi mai na'ana'a da gurasa da man zaitun. Sannan ta taka wani kututture, ta miƙa hannu cikin wani lungu a saman bango, ta sauko da tukunya mai murfi dogo, naɗe cikin tsumma. Na tambayi me ya sa ba ta ɗauki waɗanda ke bakin murhu ba. Direban ya ce wannan ta baƙi ce, ba a taɓa ta sai an yi baƙo. Tsohuwar ta kai tukunyar kusa da kunnenta, ta ƙwanƙwasa sau biyu don ta ji ko ta tsage. Ƙarar ta fito tas. Ni kuwa sai na ajiye shayin, don na san wannan ƙarar.

Bari in mayar da ku Mubi, lokacin ina 'yar shekara tara. Kakata tana sayar da nono da man shanu, kuma tana da wata ƙawa, Kirista, daga wani ƙauye a kan dutsen da ke bayan Kwaja, mai kawo gyaɗa da riɗi kasuwa. Tun suna amare suke zama inuwa ɗaya. Duk shekara bayan girbi kakata takan hau dutsen ta wuni a wurinta, kuma 'yan gidanmu ba sa son wannan tafiya. Kakata ba ta taɓa tsayawa yi musu bayani ba, ɗaura zanenta kawai take yi ta fita.

Shekarar da ta ce da ni za ta je, murna ta hana ni cin abincin safe. Ina ɗaura ɗankwali gwaggona ta ja ni gefe ta ce in kula, mutanen dutse a tukunyar da suke dafa burkutu suke tuƙa tuwo, kada in yarda in sa komai a baki. Na riƙe maganar gam, don ji nake an ba ni wani sirri na manya.

Mun tsallake mayo, wato rafin da ke gindin dutsen, ruwan ya ja baya sai yashi mai sanyi. Daga nan sai hawa. Karan dawa a tsaye an yanke kawunansu, ƙamshin gyaɗar da aka shanya a kan fa yana ta zuwa. A nan na fara ganin gonaki hawa-hawa da jerin duwatsu, na kuma fara tambayoyina. Wa ya jera su? Ba sa gajiya? Me ya sa rumbunansu suka fi ɗakunansu kyau? Kakata ta ce idan na ƙara tambaya ɗaya za ta bar ni a wurin birai.

Ƙawarta ta hango mu tun daga nesa, ta taho da gudu tana guɗa. Suka rungumi juna, suna gaisawa da Fulatanci da Hausa da wani yaren da ban sani ba. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya. Da rana ta take, aka kawo tuwon dawa da miyar riɗi, da naman zakara a sama. Yunwa kamar ta kashe ni, ƙamshin kuma ba a magana. Kakata ta yi bisimilla ta sa hannu. Ni na naɗe hannuwana.

Ƙawar kakata ta ce, “Yarinya bai ci ba. Ko shi ya gaji ne?”

Da na yi shiru da an ce kunya ce. Amma ni da bakina, da ƙarfi kuma, don kowa ya san ina da wayo, na ce, “Ba na ci. A tukunyar burkutu kuka dafa.”

Hannun kakata ya tsaya a cikin ƙwarya. Mijin matar, da ke gyaran fartanya a gefe, ya ajiye ta ya tashi ya fita. Ban taɓa ganin kakata ta sunkuyar da kai a gaban kowa ba sai ran nan. Ko a ƙuruciyata na gane cewa abin da ta yi shekara da shekaru tana karewa daga bakin 'yan gidanmu, ni na zo na zubar mata da shi a gaban masu shi.

Ƙawar kakata ta miƙe. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin girki. A bakin murhu ga tukwanensu, baƙaƙe ƙirin. Ta nuna min wata ragaya da ke rataye can sama, babu komai a ciki, sannan ta ɗauko tukunyar da aka kwashe tuwon, da muciyarta da ludayinta daban. Ta kai ta kunne ta ƙwanƙwasa sau biyu.

“Ka ji? Wannan tukunyan kakanka ne. Tun ba a haifi babanka ba na saya. Sau ɗaya yana sauka a shekara, in ya tafi na wanke na mayar. Zakara ma, maigida ya kai mayo da safe, Bafulatani ya yanka.”

Na koma tabarma na ci tuwon nan ina hawaye, kunya ta hana ni ɗaga ido. Da muke saukowa kakata ba ta doke ni ba, ba ta kuma yi min magana ba, kuma da dukan ta yi da ya fi min sauƙi. Kasuwa uku ƙawar ba ta zo ba. Kakata takan shimfiɗa buhu a inda take zama, ta hana kowa wurin, ta dawo gida ba walwala. A ta huɗu sai ga ta, ashe ciwon ƙafa ne ya kwantar da ita. Ta kawo min gyaɗa soyayya a ƙullin tsumma. Ni dai ban ƙara yarda na hau dutsen ba, duk shekara sai na ƙirƙiro ciwon ciki.

Da kakata ta rasu ina makarantar kwana. An ce ƙawarta ta sauko ta zauna kwana uku, kuma da za ta tafi ta bar saƙo a gaya min tukunya tana nan, tawa ce yanzu. Na ce zan je. Karatu, aure, 'ya'ya, sannan shekarun tashin hankalin da kowa a Mubi ya san yadda muka watse, kullum ina cewa zan je. Sai da wata tsohuwa a wata ƙasa, wadda ko yarenta ba na ji, ta ƙwanƙwasa tukunya a gabana, sannan na lissafa shekaru sun haura talatin.

Mako biyu da dawowata na hau babur zuwa Kwaja, na ƙarasa da ƙafa. Yanzu rufin kwano ya fi na ciyawa yawa, ga faifan sola a kan wasu gidajen, gonaki da dama kuma duwatsunsu sun zube babu mai jerawa. Ƙawar kakata ta daɗe da rasuwa. Matar ɗanta na tarar, ita ma furfura ta fara fito mata. Ina faɗin ko ni wace ce ta dafe ƙirji.

“Ke ce? Mama ya ce kar kowa ya taɓa, mai shi zai zo.”

Ta taka turmi ta sauko da ita daga ragaya. Zanzaro ya yi gini a bakinta, ƙura ta rufe murfin. Ta goge ta da gefen zane, ta kai kunne ta ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito a dushe. Muka zuba ruwa, sai ga shi yana bin gindinta yana ɗiga a ƙasa. Matar ta rasa inda za ta sa kanta, tana ta ba ni haƙuri, wai bari ta aika ƙasa a nemo sabuwa, don ba ta da abin da za ta dafa min a ciki.

Na dubi tukwanen da ke bakin murhu, na ce mata, “Yaya, ɗora min a taku. Yunwa nake ji.”