Ƙwallon da Na Mayar Musu

Ban taɓa ganin wasan da manya ke tofar da yawu kamar besbol ba. Ƙato da gemunsa, an hasko fuskarsa a allo mai girman bango, yana tauna yana tofarwa sai ka ce raƙumi. Ba don 'yata ba, ko ɗaure ni aka yi ba zan je ba.

A Barking, wata unguwa a Landan, aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma tun tana firamare ta daina mayarwa, in yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Da ta shiga jami'a, Turancin ma ya ƙanƙance ya koma "yes Dad" da "no Dad". Abu ɗaya ke buɗe bakinta, wannan wasa na Amurkawa da ban san inda ta tsinto shi ba. Har littafi gare ta na bajintar 'yan wasa, wane ya fi kowa doka ƙwallo ta tsallake fili, wane ya yi jifa tun farkon wasa har ƙarshe ba wanda ya iya dokawa. Ni da na tashi ina kallon dambe, bajinta a bakin makaɗi na san ta.

Shekarar da ƙungiyoyin Amurka suka zo wasa Landan, ta ce in raka ta. Na fara kame-kame, uwarta ta zungure ni. "Ka je mana, Malam. Tun watan jiya ta yi booking, kuma kai ta zaɓa." Na tafi da buri ɗaya, mu dawo tana yi mini hira, in da rabo har da kalma biyu ta Hausa.

Muna zama ta ɗora mini hular ƙungiyarta. Rana tsaka ce, amma wurin warin giya yake da na tsiran alade. Wani a bayana ya kelaya mini rabin kofinsa a takalmi, ya yi dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ita kuwa sai zuba take, tana nuna mini wani sabon ɗan wasa da ta daɗe tana bibiya. Ta ce bai taɓa doka ƙwallo ta tsallake fili ba, kuma ta farko ba a mantawa da ita a tarihin ɗan wasa. Rabona da jin ta yi doguwar magana haka har na manta. Ni kuma hankalina na kan safata da ta jiƙe.

Sai kuwa ɗan wasan nan ya doka. Ƙwallon ta taso ta nufo mu, manyan mutane masu tumbi suka yi kanta suna ture juna, wani har da taka wata tsohuwa. Tir! Ta kuɓuce musu, ta gangaro cikin giya, ta tsaya a ƙafata. Na ɗaga ta da yatsa biyu.

A filin unguwarmu a Kano, in ƙwallo ta fita, duk wanda ta faɗa wa mayarwa yake yi a ci gaba da wasa. Riƙe ta sata ce. Don haka na miƙe, na wurga musu kayansu, jifa mai kyau kuwa. Na ji 'yata ta ce "Dad!" amma ta riga ta bar hannuna.

Wurin ya ɗauki ihu, wasu na dariya, wasu na zagi. Wata mata a gefena ce ta fahimtar da ni. Ashe a wannan wasa ƙwallon da ta shigo cikin 'yan kallo halak ɗin wanda ya tsinta ce. Mayar da ita kuwa cin mutunci ne, abokan gaba ake yi wa, wato ɗauki tsiyarka. Ni kuma ga hular ƙungiyarsa a kaina, ga 'yata kusa da ni ta rufe fuska da littafinta.

A jirgin ƙasa na layin District, a hanyar komawa gida, na yi ta mita don in rufe kunyata, ina aibata masu tofar da yawu, da mashaya, da wasan da riƙon amana ya zama zagi a cikinsa. Sai a lokacin na gane ba da su nake ba, kaina nake ƙyama. Ko ba komai, ai da na miƙa mata ƙwallon.

Muna dab da Barking ta ɗago ta dube ni. Ta buɗe baki da Hausa tsantsa, ba gargada, irin wadda na shekara goma sha wani abu ina jira.

"Baba, da na sani da ni kaɗai na zo."