Tsinkakken Kunun Inna Ikilima

A ƙauyensu da ke kusa da madatsar Watari, babu manomin ranin da bai san kunun Inna Ikilima ba. Tun tana amarya take dama shi, da kaurin da ludayi kan tsaya a ciki. Da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi autanta Fatihu ya yi boko, har aka tura shi ƙasar waje ƙaro ilimi.

Da ƙari ya fito mata a nono, likitoci a Kano suka ce sankara ce, sai an yi aiki. Ta ce a dakata ta ji ta bakin Auta, tunda an ce maganin sankara yake karantawa.

Ya bayyana mata a waya. "Ƙurar ƙarfe ce, Inna, ta fi kwalli laushi. Za a sa ta cikin ƙarin, a kunna maganaɗisu, ƙwayoyinta su yi ta juyi har su yi zafi, zafin ya kashe ciwon. Ni kauri nake aunawa. Kin san yadda muciya take nauyi in tuwo ya kama? Haka wasu ƙwayoyin suke. In ruwan ya yi kauri sai su kasa juyawa, zafin ya ragu. Sun fi yi a tsinkakke."

"To, yi ka gama."

"Amma ki koma asibiti, kada ki jira ni."

Ta ce to. Shi ruwan kwalaben ɗakin gwaji yake nufi, ita kuwa ta ɗauka jinin jikinta yake nufi.

Ba ta koma ba. Ta bar tuwo, ta bar fura da mai. Kunun masu saye tana dama musu da kauri kamar kullum, nata kuma ta tsinka shi kamar ruwan wankin gero. 'Yarta Humaira ta yi faɗan har ta gaji.

"Jinin tsohuwa kauri gare shi," in ji Inna. "Maganin ƙanenki ba ya son kauri. Kada ki gaya masa, ki raba masa hankali."

Sai da ta kasa ɗaga ludayi Humaira ta gaya masa. Ya iso ana ɗibar tumatir, ya tarar da ita kwance a tabarma, ƙarin ya fashe, wuyan hannunta bai fi kara ba. Likita ya riga ya ce lokacin aiki ya wuce.

Ta kalli jakarsa kafin ta kalli fuskarsa.

"Auta, duba ka gani. Na tsinke yadda ake so?"

Maganin kuwa har yanzu bai wuce gwaji a kwalba da jikin ɓeraye ba. A jakar akwai kayan sawa da turaren da ya sayo mata. Ya durƙusa ya riƙe hannunta.

"Kin tsinke, Inna."

"To buɗe," ta ce.