Gazali Mai Bin Bayan Gari

A Fakku akwai wata 'yar hanya da ƙafar Gazali kaɗai ta fitar. Ta bi bayan gari, ta ratsa juji, ta faɗa gonarsa, duk don kada ya wuce majalisar bakin masallaci ya ce ina kwana. Ƙato ne da furfura a gemu, manomin gaske, amma ka yi masa sallama sai ya kama sosa ƙeya kamar an kama shi da akuyar sata. In ya hau kabu-kabu zuwa kasuwar Kebbe, gara a wuce da shi inda zai sauka da ya buɗe baki ya ce a tsaya.

Da fari mutane suka ce kunya ce, har ana yaba tarbiyya. Da aka yi suna bai zo ba, aka yi gayya bai zo ba, uwar maƙwabcinsa Lauwali ta rasu ya laɓe bayan zana yana amsa amin shi kaɗai, sai aka sauya wa abin suna, aka ce girman kai. Shi kuwa kullum gaisuwar a shirye take a cikinsa, har da amsarta. Gobe zai je. Da goben ta yi yawa, kunyar rashin zuwa ta hau kan ta farko ta zauna daram.

Ana nan 'yarsa ta fari, Rauda, ta daidaita da wani mai gyaran babur a Sanyinna. Dattawan yaron suka zo da goronsu. To, uba dai ba ya bayar da 'yar fari da bakinsa. Nasa kawai ya fito a gaisa, ya ce ku je wurin wane, shi ne ubanta. Gazali ba wa, ba ƙane, aboki kuwa ina ya tsaya ya yi shi? Ya sa matarsa Maimuna ta aika cewa ya tafi gona. Suka sake zuwa, ya sake tafiya gonar daga kan gadonsa.

Ranar da suka dawo karo na uku, yana jin ƙarar babura ya kama tsani ya dira cikin rumbun dawa.

Maimuna ta zo ta buga rumbun da muciya. "Malam, mi kaka nema nan ciki? Ko ɓeraye sunka kira taro?"

"Ki aika a ce ina gona."

"Na gaji da kai ka gona da bakina. Sun ce in sunka tashi yau ba su komowa. Cewa sunka yi mun raina su."

Ƙaiƙayin dawa ya kama cin wuyansa. Can ya ji muryar Rauda a gindin rumbu, ƙasa-ƙasa. "Baba, in ba ka son shi ka faɗi, in sani."

Yana son yaron mana. Shi ya taɓa gyara masa keke ba tare da ya tambaye shi ko sunansa ba.

Ya fito fari fat da ƙura. Zaure cike da baƙi, saboda haka ya ɓarka zana ya faɗa gidan Lauwali, ya tarar da shi yana tufka igiya. Ya durƙusa. Gaisuwar nan da ya daɗe yana ajiya ita ta fara fitowa.

"Malam Lauwali, ya muka ji da haƙuri? Allah shi gafarta wa Inna."

Lauwali ya dube shi sama da ƙasa. "Inna ta yi damina biyu a ƙasa. Yanzu labari ya iso ka? Lalle garinku da nisa."

Gazali ya haɗiye maganar. Bai mutu ba, ƙasa ba ta tsage ba. Sai ya ƙara da ta biyu, yana in'ina: "Yarinyar nan... anka zo nemanta. Kai nika so ka zama ubanta."

"Don ita zan tashi, ita da ka gaishe ni kullum safe. Amma ta ƙofa za mu bi kamar mutane. Kai ka shiga gaba, kai ka yin sallama."

Haka aka yi. Sallamar ta fito siririya kamar ta ɗan tsako, amma dattawan Sanyinna sun amsa ta, aka raba goro.

Tun daga nan Lauwali ya ɗaura masa aure da majalisa. Kowace safiya sai ya biyo masa, ya tasa shi gaba, Gazali ya ce ina kwana ɗaya tak, ya wuce. Yanzu har yakan kai ga ina gajiya. Hanyar bayan gari ciyawa ta fara cinye ta, sai dai ran kasuwa in jama'a ta yi yawa, akan ga sabon sawu a kanta.