Ɓerayen Dakta Rifkatu

Jama'a, wallahi tallahi abin da zan ba ku ba ji na yi ba, da idona na gani. Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗi na yawo a Abuja, ko'ina ka duba gini ake yi, ni kuma ina aiki a wani ɗakin gwaji a hanyar Gwagwalada, inda masu bincike daga jami'o'i daban-daban suke kawo fararen ɓeraye a auna musu ido, don mu kaɗai muke da na'urar, kowa da ranarsa.

Na'urar kamar ganga take, cikinta zane ne baƙi da fari. Sai ka sa ɓera a tsakiya cikin gilashi ka kunna ta yi ta juyawa, in yana gani zai riƙa bin zanen da kai, in makaho ne ko gezau. Aikina ke nan, ni da ɓeraye, har matata tana tsokanata wai likitan ɓera.

Ranar Talata ta Dakta Rifkatu ce, 'yar Filato, mai fara'a. Ɓerayenta duk ciwon suga ya makantar da su, tana gwada musu wani magani da ta haɗa. Ashe mahaifiyarta ce a gida, can Tungan Maje, ciwon ya cinye mata ido. Ta taɓa ce min, "Malam, duk Talata in na koma sai Mama ta tambaye ni, ɓerayen sun gani? Ina so rana ɗaya in ce mata e." A hankali take tafiya don ƙafarta ɗaya ba ta da lafiya, daga ƙofa sai ta zaga bayan tebur, sannan ta zauna a kujerarta.

Kwatsam aka ce mota ta kife da su Dakta Rifkatu wajen Zuba, ta rasu. Innalillahi! Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

To dokar wurin, in mai bincike ba ya nan, ba a ajiye ɓerayensa, kashe su ake yi. Oga ya ce, "Ka gama da su, wasu na jiran kejin." Na ce oga a bar ni in kai su ɗakin na'ura Talatar nan, ko don ita. Ya ce in yi.

Da rana tsaka ne fa, bayan azahar. Na jera su cikin gilasansu, na sa na farko na kunna, gangar ta yi ta juyawa, ko motsi bai yi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk makafi, maganin bai yi ba. Na kashe na'urar na zauna, raina duk ya ɓaci.

Sai na ga duk sun ɗaga kai, sun juya wajen ƙofa. Ƙofar a rufe take. Daga nan suka fara juya kai tare, a hankali, ana ɗan tsayawa ana ci gaba, suka zaga bayan tebur, har suka tsaya a kan kujerar nan ta Dakta Rifkatu. Kar wani ya ce min wari ne ko ƙara, ni na san ɓera, a cikin rufaffen gilashi suke, kuma irin bin da mai ido yake yi ne. Bakina ya kasa ko a'uzubillahi. Can kuma suka sauke kai kamar ba su ba.

Ban iya kashe su ba, wani ne ya yi.

Da muka je gaisuwa Tungan Maje, aka ce wa tsohuwar ga wanda yake aiki da Rifkatu. Ta lalubo hannuna ta riƙe gam, ta ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Ɓerayen sun gani?"

Na ce, "Mama, sun gani."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba, ta ce, "Na san yarinyata za ta iya."

Har yau ban san ƙarya na yi mata ko gaskiya ba, Allah ne masani. Ni dai shawarata, in kun ga dabba ta ƙura wa wurin da babu kowa ido, kar ku kore ta, ku yi addu'a ku ba da hanya.