Lemon Tsamin da Baba Ƙyalli Ya Yi wa Gata

Baba Ƙyalli ake ce masa a bakin tashar mota, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana goge takalma. Mutum ne da ba ya iya ganin abu ya dusashe ya ƙyale. Kofin shayinsa, kwaɗon ƙofarsa, kai har sanƙonsa, yara na tsokanarsa wai ana iya duba fuska a ciki. Matarsa kan ce da ana goge talauci da buroshi, da tuni sun gina bene.

Da ta rasu ba ta bar wani abin a zo a gani ba, sai ɗan dashen lemon tsami a tsohon bokitin fenti a bakin taga. Tana kwance tana jinya ta ce na 'yarsu ne, in ta samu gida mai fili ta dasa. Baba bai san kan shuka ba, amma ya san gata. Kullum da safe sai ya zauna da tsumma da man shafawa, ya bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, ciki da bai, har sai sun ɗauki sheƙi kamar takalmin ango.

Ai kuwa ganye ya fara rawaya yana zuba. Baba ya ce gatan ne bai isa ba, ya ƙara mai. Zuba ta ƙaru. Ana cikin haka 'yar ta aiko cewa sun tare a sabon gida, tana tafe ƙarshen mako ta ɗauki abin da uwarta ta bar mata. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ko abinci ya daina wuce masa.

Ya rungumi bokiti sai wurin wata mai sayar da dashe a bayan tasha, mace mai baki kamar reza. Ta murza ganye ɗaya, ta shinshina yatsa, ta tambaye shi ko soyawa zai yi. Sannan ta juya ganyen ta nuna masa bayansa. Ta ce nan akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan itace ke shaƙar iska, ta nan yake fitar da gumi. Saman kuwa shi ke tarar rana, koren nan ne ke dafa wa itacen abinci, jijiyoyin su kawo ruwa su kwashi girki su kai har saiwa.

"Baba, hanci ka toshe masa," in ji ta. "Da hannunka."

Wallahi da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta wanke sauran ganyen da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ta datse rassan da suka bushe, ta ce ba ta yi alkawari ba fa, rai na Allah ne. Ya dawo gida da kusan sanda a bokiti, yana tafe yana jin kunyar marigayiya.

Da 'yar ta zo, bai ɓoye mata komai ba. Ta daɗe tsugune gaban bokitin, idonta ya kawo ruwa. Can ta hango wani ɗan toho a gefen reshe, bai kai farce ba, ga ɗan datti a kansa. 'Yar ubanta ce, sai ta kamo bakin mayafi za ta goge.

Caraf ya riƙe mata hannu.

"Bar shi ya sha iska, 'yar nan. Kuma ki tafi da shi yau, kar ya kwana a ɗakin nan. Hannuna ba ya jin magana."