Sunan 'Yar Fari a Wayar Malama

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga aji huɗu aka kafa wa makarantarsu allo mai haske, irin wanda ake taɓawa da yatsa. Muna Unguwar Rogo lokacin, a gidan surukaina. Kullum ta dawo sai labarin allon: yau ya nuna musu cikin tumbin saniya, jiya ya yi magana da Turanci. Na ji daɗi. Ni sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka duk abin da zai sa yaro ya riga ni gane baƙi ina maraba da shi.

Sai malamarsu ta kawo tsari. Duk Alhamis yaro zai karanta shafi ɗaya a gida, a ɗauki muryarsa a waya a tura zauren iyaye na cikin waya. Amma kafin ya fara, uwa ko uba zai faɗi cikakken sunan yaron, ya ce a gabansa aka yi. Wanda aka turo nasa, sunansa ya zama kore a allon. Wanda ba a turo ba ya zauna ja, kowa na gani.

Maigida yana tsare da shagonsa a Kwalkwalawa, sai Juma'a yake shigowa gari. Ya rage ni. Ni kuwa ban taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun da aka raɗa mata shi. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata ta ci. A gidanmu uwa ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin biyun. "Ke" nake ce mata, ko "wance", kuma ba ta taɓa kasa amsawa ba.

Makon farko na ce, "Ga ɗiyata za ta karatu." Malama ta amsa da ladabi cewa yara sun fi sittin, wace ɗiya? Mako na biyu na rubuta sunan da hannuna, harafi bayan harafi, har ina jin kaina. Ta ce rubutu ba ya shiga, don yara sun iya ɗaukar waya su rubuta da kansu.

Na sa hijabi na tafi makarantar. Malamar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, kuma ta tarbe ni da mutunci.

"Mama, wallahi na gane," ta ce. "Amma in na ɗaga miki, gobe iyaye ashirin za su zo da nasu uzurin. Daƙiƙa biyu ce fa."

Na yi godiya na fito.

Abin da ban gaya mata ba, ƙanwar mijina tana cikin zauren, ɗanta ajinsu ɗaya da yarinyar. Duk muryar da ta shigo sai ta kunna a tsakar gida, Hajiya surukata na kan tabarma tana gyaran zogale.

Mako huɗu sunan yana ja. Wata Laraba yarinyar ta dawo ba ta taɓa abinci ba.

"Inna, ni ɗai na rage. Har cewa suka yi wai ba ni da uwa."

"Wa yac ce?"

"Duka. Inna, suna na fa kawai. Ko kin mance shi?"

Na ce ta je ta wanke hannu.

Washegari da la'asar na tura ƙannenta waje, na sakaya ƙofa. Na danna wurin ɗaukar murya na saki, na danna na saki, ya fi sau biyar. Tana zaune da littafi a cinya, ba ta dube ni ba. Da na faɗi sunan, muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba. Sai da na zungure ta, sannan ta fara karatu, tana tuntuɓe a layin da ta haddace tun jiya.

Ko sallar magariba ban tayar ba na jiyo muryata a tsakar gida.

"Iye, matar Yaya an waye!" in ji ƙanwar mijina. "Hajiya, kin ji sunanki ya shiga intanet. Bari in maido miki."

Da na kai wa Hajiya tuwo ta karɓa, ta ce, "Allah shi yi albarka," idonta na kan kwano. Da faɗa ta yi, da na san inda zan ba da haƙuri.

Sunan ya zama kore ranar Litinin. Yarinyar ta shigo da gudu tana faɗa, na ce madalla. Tana cire takalmi ta ƙara da cewa malama ta ce tsarin ya yi kyau, za a ci gaba da shi har aji shida.